Idin Fentikos a Ikilisiyarmu: Sujada, Zumunci da Aikin Bishara

Akwai manyan idodi uku a shekarar ikilisiya: Kirsimeti, Ista da Fentikos. Na fari kowa ya san shi, har yara ƙanana suna ƙirga kwanakinsa saboda sabon ɗinki da shinkafa. Na biyu ma muna shirya masa da azumin kwana 40. Amma na ukun yakan zo ya wuce a wurare da yawa ba a ma lura ba. Wani sai ya shiga majami'a ya ga an shimfiɗa jan ƙyalle a kan teburin Jibin Ubangiji sa'an nan ya tambayi na kusa da shi, yau kuma wane idi ne?

Wannan sakaci yana da sakamako. A ajin tabbatarwa mun sha jin matasa suna tambaya cewa, shin akwai Ruhu Mai Tsarki a cocin Anglikan kuwa? Abokansu na makaranta sun faɗa musu cewa mu littafi kawai muke karantawa, wuta tana wani wuri dabam. Waɗansu cikinsu sun bar mu saboda wannan magana. Ba za mu ɗora musu laifin duka ba, gama idan ba mu koyar ba, wani zai koyar a madadinmu. Saboda haka bari mu duba abin da Fentikos yake nufi, yadda ikilisiyarmu take kiyaye shi, da abin da yake bukata daga gare mu a zaman tare da aikin bishara.

Asalin idin

Kalmar Fentikos daga Helenanci ta fito, ma'anarta kuwa ita ce "na hamsin". Tun kafin zuwan Yesu idin yana nan. A Littafin Firistoci 23:15-21 da Maimaitawar Shari'a 16:9-12 Allah ya umarci Isra'ilawa su ƙirga mako bakwai daga lokacin da suka kawo damin fari na girbi a kwanakin Idin Ƙetarewa, a rana ta 50 kuma su yi taro mai tsarki. Shi ya sa ake ce da shi Idin Makonni. Idin girbin alkama ne, inda ake miƙa wa Ubangiji malmala biyu na gurasa da aka yi da sabon hatsi. Yana cikin idodi uku da aka umarci mazaje su hallara a gaban Ubangiji kowace shekara, wannan ne ya sa Urushalima take cika da baƙi a lokacin. Daga baya Yahudawa suka riƙa tunawa da ba da Shari'a a Dutsen Sina'i a wannan rana.

Akwai wani abu a wannan sura da bai kamata ya wuce mu ba. Da zarar an gama bayanin idin, aya ta gaba, wato Firistoci 23:22, ta hana manomi girbe gonarsa har gefe, ta kuma hana shi komawa ya yi kala. Abin da ya saura na matalauci ne da baƙo. Ashe tun farko Allah ya ɗaure wannan idi da hakkin marasa ƙarfi. Za mu komo kan wannan.

Ikilisiya tana ƙirga nata kwana 50 daga ranar Ista. A rana ta 40, wadda kullum Alhamis ce, muna tuna Hawan Yesu zuwa sama. Bayan kwana goma sai Lahadin Fentikos. Da yake Ista ba ta da tsayayyar rana, shi ma Fentikos yakan faɗo ne tsakanin 10 ga Mayu da 13 ga Yuni. Kiristocin farko sun ɗauki dukan kwanakin nan 50 kamar idi guda na murna. Majalisar Nikiya ta shekara ta 325 har doka ta kafa cewa a yi addu'a a tsaye cikin waɗannan kwanaki, kada a durƙusa, domin a nuna cewa Almasihu ya tashi.

Abin da ya faru a Urushalima

Ayyukan Manzanni sura 1 ta nuna mana mutum wajen 120 suna taruwa bayan Yesu ya hau sama. A cikinsu akwai manzanni, da mata, da Maryamu uwar Yesu, da 'yan'uwansa. Ubangiji ya umarce su kada su bar Urushalima sai sun karɓi alkawarin Uba. A sura ta 2 alkawarin ya cika. Aka ji ƙara kamar ta iska mai ƙarfi, aka ga abu kamar harsunan wuta ya rarrabu ya sauka a kan kowannensu, suka fara magana da waɗansu harsuna.

Mu lura da irin harsunan. Luka ya lissafta inda masu sauraron suka fito, tun daga Farisa da Mesofotamiya har zuwa Roma, har da Masar, da yankin Libiya kusa da Kurane, da Larabawa. Kowa ya ji ana faɗin manyan ayyukan Allah da harshen da aka haife shi a ciki. Wato mutanen nahiyarmu ta Afirka suna wurin tun ranar farko. Waɗansu suka yi ba'a suka ce buguwa ce. Bitrus ya miƙe ya ce ai ƙarfe tara na safe ne kawai, ya buɗe annabcin Yowel 2:28-32, ya yi wa'azin mutuwar Yesu da tashinsa. Maganar ta soki zukatan mutane, ya kira su ga tuba da baftisma, aka ƙara musu mutum wajen 3,000 a ranar.

Wannan Bitrus ɗin ne ya yi musun Ubangijinsa sau uku, makonni bakwai da suka wuce, a wannan birni. Bai je wata makaranta a tsakani ba. Abin da ya sāke shi shi ne ya ga Yesu a raye, an gafarta masa, ya kuma karɓi Ruhu. Abin da wa'azinsa ya ƙunsa ma abin lura ne: bai tsaya yana bayyana iska da wuta ba, ya kai mutane kai tsaye ga Yesu. Haka Ubangiji ya faɗa a Yahaya 16:14, cewa aikin Ruhu shi ne ya ɗaukaka Ɗan.

Kwana goma na jira

Tsakanin Alhamis ta Hawan Yesu da Lahadin Fentikos almajiran ba su yi kome ba sai addu'a da nufi ɗaya, da kuma cike gurbin Yahuza. Daga nan ikilisiya ta samo al'adar keɓe waɗannan kwanaki domin addu'a. Muna ƙarfafa kowace ikilisiya ta yi haka gwargwadon halinta. A ƙauye, inda mutane suke sammako zuwa gona, taron minti 30 da asuba ko bayan an ci tuwon dare ya isa. A birni ana iya raba shi gida gida, kowace unguwa da gidan da za a taru.

Abin da ya taimake mu shi ne mu ba kowace rana abin roƙonta: wata rana domin iyalai, wata domin matasa da 'yan makaranta, wata domin marasa lafiya, wata domin damina, wata domin shugabannin ƙasa da sarakunanmu, wata domin waɗanda suka ja da baya. Mukan kuma roƙi kowa ya riƙe sunayen mutum uku ko biyar a zuciyarsa, waɗanda yake marmarin su san Almasihu, ya yi ta ambatonsu a gaban Allah. Kwanakin nan kuma lokacin sulhu ne. Luka ya nanata cewa almajiran suna da nufi ɗaya. Idan mutum biyu a majalisar ikilisiya sun yi wata shida ba sa gaisawa, jan ƙyallen da za a shimfiɗa ran Lahadi ba zai rufe wannan ba. Aikin limami da dattawa ne su zaunar da su kafin ranar.

Sujadar ranar

Launin ranar ja ne, domin tunawa da harsunan wuta. A Ingila an daɗe ana kiran ranar da sunan da yake nufin Farar Lahadi, mutane da yawa kuma suna danganta sunan da fararen tufafin da sababbin masu baftisma suke sawa, gama tun zamanin dā Fentikos yana cikin ranakun baftisma tare da Ista. Idan akwai waɗanda suka gama ajin baftisma, babu ranar da ta fi wannan dacewa. Jama'a kuma sukan sabunta nasu alkawaran yayin da suke jin ana yi wa sababbin tambayoyi.

A tsarin Littafin Addu'a na shekara ta 1662, karatun ranar su ne Ayyukan Manzanni 2:1-11 da Yahaya 14:15-31, inda Yesu ya yi alkawarin Mai Taimako. Addu'ar ranar tana roƙon abu biyu: Ruhu ya ba mu ikon rarrabe al'amura daidai, ya kuma sa mu yi farin ciki da ta'aziyyarsa. Roƙo na farkon yana da muhimmanci ƙwarai a zamanin da kowa yake cewa Ruhu ya faɗa masa kaza. Ikilisiya tana koya mana cewa hankali mai rarrabewa shi ma baiwar Ruhu ne.

Sa'ad da muka miƙe muna furta Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, mu sa hankali ga sashe na uku. Majalisar Kustantiniya ta shekara ta 381 ce ta faɗaɗa wannan sashe, domin akwai masu koyar da cewa Ruhu halitta ne. Ikilisiya ta amsa cewa shi Ubangiji ne, mai ba da rai, wanda ake yi wa sujada tare da Uba da Ɗa. Don haka ba ma ce masa "abu", ba kuma wani ƙarfi ba ne kamar lantarki da za a kunna a kashe. Ana iya ɓata masa rai, kamar yadda Afisawa 4:30 ta gargaɗe mu. A daidai wannan sashe ne kuma muke furta bangaskiyarmu game da ikilisiya, da baftisma, da tashin matattu, domin dukansu aikinsa ne.

Waƙa tana da babban wuri a ranar. Bari kwaya ta yi tata, Zumuntar Mata su fito da tulu da kacau-kacau, matasa su kawo gangunansu. Tsarin Littafin Addu'a bai hana murna ba. Abin da muke roƙo shi ne shugabannin ƙungiyoyi su zauna da limami tun da wuri a daidaita lokaci, kada waƙoƙi da sanarwa su cinye sa'a biyu a bar wa Maganar Allah da Jibin Ubangiji minti kaɗan lokacin da kowa ya gaji.

Batun harshe

A nan ne Fentikos ya fi taɓa mu. A Farawa 11 mutane suka so su gina hasumiya domin su yi wa kansu suna, Allah ya dagula harshensu suka watse. A ranar Fentikos Allah bai mai da kowa ga harshe ɗaya ba. Ya bar harsunan yadda suke, ya sa aka ji bishara a kowannensu.

Tarihin Anglikan yana da alaƙa da wannan. Littafin Addu'a na farko, wanda Akbishop Thomas Cranmer ya jagoranci shirya shi, an fara amfani da shi a dukan Ingila ne ranar Fentikos, 9 ga Yuni, 1549. Kafin nan da Latin ake sujada, talakawa kuwa ba sa ji. Ƙa'ida ta 24 cikin Ƙa'idodi 39 na bangaskiyarmu ta ce yin addu'ar jama'a da harshen da mutane ba su fahimta ya saɓa wa Maganar Allah. Wannan tunani ne ya bi masu bishara zuwa ƙasarmu. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa bishop a shekara ta 1864, ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Abokin tafiyarsa a kogin Neja a 1841, James Frederick Schön, ya duƙufa kan Hausa, ya fassara waɗansu littattafan Sabon Alkawari. Dakta Walter Miller, wanda ya iso ƙasar Hausa tare da Bishop Tugwell a 1900 ya kuma yi aiki shekaru da yawa a Zariya, ya yi babban aiki tare da waɗansu, har da Hausawa masu bi, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Duk wanda ya taɓa shiga majami'ar St Bartholomew ta Wusasa, wadda aka gina da ƙasa irin ginin Hausa, ya ga wannan tunani a tsaye: bishara ta zo ta zauna a gidanmu, da harshenmu.

Yanzu mu dubi kanmu. A ikilisiyoyinmu da yawa na birni akwai sujadar Hausa da ta Turanci, a wasu wurare har da ta Igbo ko Yarabanci. Wannan abu ne mai kyau, gama kowa yana ji da harshen da ya iya. Amma akwai haɗari a ciki. Sannu a hankali sai a zama ikilisiya biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya. Masu Turanci su riƙa ganin kansu su ne masu ilimi da kuɗi, masu Hausa su riƙa jin an mai da su saniyar ware, a zo zaɓen majalisa kowa ya bi nasa. Mun taɓa hidima a wurin da mutum biyu suka shekara biyar suna zuwa majami'a ɗaya, ba su san juna ba sai da suka haɗu a wurin jana'iza. Ko cikin masu sujadar Hausa ma, yawancinmu muna da harsunan iyayenmu: Bajju, Atyap, Gbagyi, Berom, Ngas, Bura, Fulfulde da sauransu, wani lokaci kuma ƙabilanci yakan shigo ta wannan ƙofa.

Shawararmu ita ce a haɗa sujada guda ɗaya a ranar Fentikos. A karanta Ayyukan Manzanni 2 aya aya, kowace aya da harshe dabam, sa'an nan a karanta shi duka da harshen da yawanci suke ji. A nemi mai fassara wanda ya ƙware domin wa'azi, a ba shi nassin tun kwana biyu kafin ranar. A cuɗa wuraren zama. Tsohuwar da ta ji jikarta tana karanta Maganar Allah da harshen ƙauyensu a gaban jama'a ba za ta manta da wannan rana ba.

Zaman tare

Labarin Fentikos bai ƙare da mutum 3,000 ba. Ayyukan Manzanni 2:42-47 ta nuna irin zaman da ya biyo baya: sun lazimci koyarwar manzanni, da zumunci, da gutsuttsura gurasa, da addu'a. Suna cin abinci a gidajen juna. Masu abin hannu suna sayar da kayansu a raba wa masu bukata. Ba wanda ya tilasta musu. Bitrus ya faɗa wa Hananiya a sura ta 5 cewa filin nasa ne, kuɗin ma nasa ne, zunubinsa shi ne ƙarya. Ruhu ne ya saki hannun mutane.

A wurinmu Fentikos yana zuwa ne a farkon damina. A kudancin Kaduna da Filato an riga an yi shuka, a Kano da Katsina da Sakkwato ana duban sama. Lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ga kuɗin taki, ga kuɗin makarantar yara na zango na uku. Gwauruwar da mijinta ya rasu bara tana iya zama a bencin Zumuntar Mata tana waƙa da ƙarfi, alhali irin da ta ajiye na shuka an riga an cinye shi. Ba za ta faɗa ba, gama kunya ba za ta bar ta ba. Idan damina ta wuce ta ba ta shuka ba, yunwar shekara guda ce ita da 'ya'yanta.

A nan ne dokar gefen gona ta Firistoci 23:22 take magana da mu. Ga abin da ikilisiya za ta iya yi ba tare da jiran taimako daga dayosis ba. Makonni biyu kafin idin, shugabannin Zumuntar Mata da dattawan unguwanni su rubuta gidajen da suke cikin matsi, a ɓoye, su ba limami kaɗai. A ranar idin a yi baiko na musamman, wanda yake da mudun masara ko dawa ko gyaɗa ya kawo, wanda yake da kuɗi ya kawo. A kai wa masu bukata gida da yamma, kada a kira sunansu a gaban jama'a. Matasa kuma su sa ranar gayya a gonakin tsofaffi da gwauraye. Kakanninmu sun san gayya tun kafin bishara ta iso, sun kuma ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A birni bukatar takan zama kuɗin haya, ko na asibiti, ko jarin ƙaramar sana'a, amma hanyar ɗaya ce.

Sai dai rabo yakan kawo gunaguni, ko ikilisiyar farko ba ta tsira ba. A Ayyukan Manzanni 6 masu jin Helenanci suka yi ƙorafi cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Matsalar harshe ce ta koma matsalar abinci. Manzanni ba su tsawata wa masu ƙorafin ba. Suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, dukan bakwai ɗin kuwa sunayen Helenanci gare su. Darasin a fili yake: kwamitin rabo ya ƙunshi mutane daga kowane ɓangare, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta jimillar a gaban majalisa. Riƙe littafin lissafi da gaskiya aikin Ruhu ne kamar wa'azi.

Bayan sujada, inda hali ya yi, a ci abinci tare. Ba sai an yanka saniya ba. Kowane gida ya kawo abin da ya dafa, a zuba a ci. Abin da za a kula shi ne kada a ware manya da babban teburi da nama, a bar yara da baƙi da ƙanzo. Bulus ya tsawata wa Korantiyawa a kan irin wannan a 1 Korantiyawa 11.

Fita waje

Yesu ya faɗa a Ayyukan Manzanni 1:8 cewa ikon da za su karɓa na shaida ne, daga Urushalima zuwa Yahudiya da Samariya har iyakar duniya. Tsohon Littafin Addu'a ya riƙe wannan da kyau. Ya tanadi karatu domin Litinin da Talata na makon Fentikos: ran Litinin wa'azin Bitrus a gidan Karniliyas, hafsan sojan Roma (sura 10), ran Talata kuma zuwan Bitrus da Yahaya wurin Samariyawa (sura 8). Duka biyun mutane ne da Bayahude ba ya shiga gidansu. Washegarin idi ke nan an riga an tura mu wurin waɗanda ba namu ba.

Cocin Nijeriya, wadda ta zama lardi mai cin gashin kanta a tarayyar Anglikan ranar 24 ga Fabrairu, 1979, ta ɗauki wannan kira da muhimmanci. Bayan taron Lambeth na 1988 ya yi kira a keɓe shekara goma domin bishara, Akbishop Joseph Abiodun Adetiloye ya jagoranci kafa dayosis takwas na mishan a watan Satumba na 1990: Minna, Kafanchan, Katsina, Sakkwato, Makurdi, Yola, Maiduguri da Bauchi. Da yawa cikin masu karanta wannan 'ya'yan wannan mataki ne. Waɗansu sun bar jin daɗinsu suka zo wurinmu, bashin yana kanmu.

Ta yaya ikilisiya guda za ta biya? Mu fara da na kusa. Akwai waɗanda sunayensu suke cikin littafin baftisma amma sun shekara ba su zo ba. A raba sunayen, a je biyu biyu, a gaishe su, a saurare su kafin a yi musu magana. Zumunci a ƙafa yake. Sa'an nan asibiti da gidan yari, bayan an nemi izinin hukumar wurin. Sa'an nan waɗanda rikici ya raba da ƙauyukansu suka zo suka raɓe a garinmu. Sa'an nan ƙananan majami'un ƙauye da suke ƙarƙashinmu, inda katikis ko mai bishara yake fama shi kaɗai, wata uku ba su ga limami ba balle su ci Jibin Ubangiji.

Game da maƙwabtanmu Musulmi, muna zaune da su kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya. Bitrus da kansa ya koyar a 1 Bitrus 3:15-16 cewa mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi. Zagin addinin wani ba bishara ba ne, juya lasifika ta fuskanci gidan maƙwabci da tsakar dare ma ba ƙarfin Ruhu ba ne. Mu je barkar suna, mu je ta'aziyya, mu cika mudu idan muna awo, mu biya bashi a kan lokaci. Idan an tashi gyaran kwalbati ko sharar unguwa, a gan mu a gaba. Taimakon da muke bayarwa kuma kada mu ɗaura masa sharaɗi. Wanda ya tambaye mu dalili, mu faɗa masa labarin Yesu a fili ba tare da tsoro ba. Inda za a yi wa'azin fili, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro, a bi shawarar dattawan wurin.

Amsa ga matasanmu

Yanzu mu koma ga tambayar ajin tabbatarwa. 'Ya'yanmu, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki aka yi muku baftisma. Ranar tabbatarwa, kafin bishop ya ɗora muku hannu, zai roƙa muku baye-bayen Ruhu da aka ambata a Ishaya 11:2. Bayan Fentikos, ranakun Laraba, Jumma'a da Asabar ranakun azumi ne da addu'a domin waɗanda za a naɗa ma'aikatan ikilisiya, a wurin naɗin kuma Ruhu ake kira ya sauko. Littafin da muke karantawa cike yake da shi.

Duk da haka dole mu, shugabanni, mu karɓi namu laifin. Ana iya karanta addu'a mai kyau da baki alhali zuciya tana kasuwa. Ana iya riƙe tsari har a hana wanda Allah ya ba baiwa wurin yin hidima saboda shi yaro ne ko talaka. Annabcin Yowel ya ambaci 'ya'ya maza da mata, tsofaffi da samari, har da bayi. 1 Korantiyawa 12 ta ce an ba kowane mai bi baiwa domin amfanin kowa, sura ta 14 kuma ta ce a yi kome da tsari, kada a yi magana da wani harshe a taro in babu mai fassara. Muna riƙe da duka biyun. Ba ma raina 'yan'uwanmu na sauran ɗariku, amma ma'aunin da Nassi ya ba mu ba ƙarfin murya ba ne. Galatiyawa 5:22-23 ta lissafta 'ya'yan Ruhu guda tara, ta fara da ƙauna ta ƙare da kamunkai. Wanda yake so ya san ko Ruhu yana aiki a cikinsa, ya tambayi matarsa, da yaran shagonsa, da wanda yake binsa bashi.

Bayan idin

Lahadi mai zuwa ita ce ta Triniti, daga nan kuma sai a shimfiɗa koren ƙyalle har kusan ƙarshen Nuwamba, wato kusan rabin shekara. Babu babban idi irin waɗannan uku a ciki. Ya yi daidai da watannin da manomi yake noman fari da maimai, yana jiran kaka. Abin da aka fara a makon Fentikos a nan ake gane ko na gaske ne. Saboda haka muna roƙon kowace majalisar ikilisiya, a zamanta na farko bayan idin, ta amsa tambayoyi uku a rubuce: gidajen da muka kai wa hatsi, wa zai koma ya duba su a watan Agusta lokacin da yunwa ta fi tsanani? Waɗanda muka ziyarta suka dawo, wa zai riƙe su? Yaushe kuma masu sujadar Hausa da masu ta Turanci za su sāke zama tare kafin wata shekara?

Ubangiji wanda ya cika alkawarinsa ga mutum 120 a Urushalima ya cika mu da Ruhunsa, ya haɗa kanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma buɗe bakinmu mu shaida Ɗansa Yesu Almasihu. Amin.